Fari a Cikin Ruwan Toka

Shekarar da na tare a gidan su maigidana, a wani ƙauye tsakanin Kunci da Makoda, abin da ya fara shiga raina a gidan, bayan shi kansa, tantabaru ne. Surukina, wanda kowa ke kira Baba, ya jera tsofaffin tukwane a jikin katangar bayan rumbu, an liƙe su da laka, bakinsu na kallon gabas. Tantabarun duk ruwan toka ne, da baƙin layi biyu a fiffike, wuyansu na sheƙin kore idan rana ta taɓa shi. Ba mai ƙirga su, ba mai bambance wannan da waccan. Idan wani ya kwanta ciwo, ko wata ta haihu a dangi, sai a zura hannu a tukunya a zaro 'yan shila biyu a yi farfesu. Amfaninsu ke nan.

Maigidan ba mazauni ba ne. Da an gama girbi yake tafiya kasuwar Dawanau, inda yake yi wa wani Alhaji awon hatsi da ɗinkin buhu, sai ya yi sati uku ko huɗu bai leƙo ba. Ni kuwa ga ɗinkin hula a cinya, ga littattafan soyayya a ƙarƙashin katifa, waɗanda nake karantawa tun ina makaranta har bangon wasu ya fita. In yi layi biyu na ɗinki in ajiye, in buɗe littafi in rufe, in kasa kunne ko zan ji ƙarar babur a ƙofar gida. Zama ba ya zaunuwa, tsayuwa ba ta tsayuwa.

Wata Alhamis maigidan ya dawo da kwali a ɗaure a bayan babur, an huhhuda shi da ƙusa. Ya ajiye a gabana ya ce, "Buɗe a hankali. A rumfarmu ya faɗo yana tsintar dawa, fiffike ɗaya ya sage. Na ce wannan da ke ya dace."

Namijin tantabara ne, fari fat kamar audugar da aka gama shiɓa, ko ɗigon baƙi babu a jikinsa sai ido. Na yi jinyarsa a ɗakina sati biyu, ina ba shi gero a tafin hannu. Da ya warke ya koma cikin na Baba, ya zama ko daga bakin rijiya ka ɗaga kai shi za ka fara gani a cikin garken.

Bai daɗe ba ya zaɓi mata. Wata 'yar ƙarama ce da ke zama ita kaɗai a tukunyar ƙarshe, ba ta fi sauran da komai ba. Na ga neman auren tun daga farkonsa: yadda yake kumbura wuya yana zagaya ta, yana share ƙasa da wutsiya, ita kuma tana kau da kai kamar ba da ita yake ba. Duk abin da na karanta na ɗan masu hali da ya tsallake 'yan matan birni ya zo ƙauye ya durƙusa, ga shi a bayan rumbunmu ana yi. Da ta yi ƙwai biyu, shi ke kwanci da rana, ita ta karɓe shi da yamma. Na riƙa ƙirga kwanaki, ina ganin garken farare a cikin kaina, suna tashi daga kan ɗakina duk safiya.

Aka ƙyanƙyashe, gashi ya fito. Ruwan toka, su biyun. Na ce to, na farko ne, wataƙila uwa suka biyo. Na biyu ma haka. Na uku ma haka, ko gashi ɗaya fari babu, ko a wutsiya.

A nan ne na yi kuskuren da har yau idan na tuna nake jin kunya. Akwai wani ƙaton namiji ruwan toka da ke yawan sauka a bakin tukunyar ƙarshe. Na haɗa wannan da wancan, kamar yadda ake haɗawa a littafi, na yanke hukunci: ta ci amanarsa. Shi yana kwanci a kan ƙwai cikin zafin rana, ashe ƙwan wani yake ɗumamawa. Na tsani 'yar tantabarar nan tsana ta gaske. In na watsa gero ta sauko, sai in kore ta da mafici. Kuma duk lokacin da surukata, Inna, ta ce a duba 'yan shilar da suka isa yanka, kafin kowa ya motsa sai in ce, "Inna, na tukunyar ƙarshe sun isa." Da hannuna nake zaro su, da hannuna nake fige su bayan an yanka. Ina ganin hakkinsa nake ƙwato masa.

Haka aka yi shekara da 'yan watanni. Da bazara, wata rana da hantsi, ina shanya wanki, shaho ya sauko kamar an jefo dutse. A cikin tantabaru sun fi talatin, farin ya ɗauka. Na bi shi da gudu ba mayafi har bakin zaure, ina ihu, sai gashi biyu da suka sauko a hankali a kan danga. Farin ya bar matarsa da 'yan shila biyu da ba su wuce kwana goma ba, tana ciyar da su ita kaɗai. Ban taimaka mata da ko ƙwayar gero ba. Da suka yi gashi, ruwan toka kamar kullum, Inna ta ce an samu na kai wa babbar 'yarta da ta haihu a Makoda, ranar Lahadi za ta tafi da su. Na ce to.

Ranar Asabar ƙanwar maigidan ta zo. Kimiyya take koyarwa a makarantar 'yan mata, sai ƙarshen mako take leƙo gida. Tsakanina da ita wasa ne, irin na mace da ƙannen mijinta. Ina ce mata Malama, tana ce mini matar Yaya. Ta same ni a inuwar ɗaki ina tsince wake a faifai.

"Matar Yaya, wai takaba kike yi wa tsuntsu? Inna ta ce tun da shaho ya yi ɓarna ba ki ci tuwon kirki ba."

"Ke dai bari, Malama. Da ya bar baya da da sauƙi. Amma munafukar can ko ɗa ɗaya ba ta haifa masa ba."

"Wace munafukar kuma?"

Na nuna mata tukunyar ƙarshe, na kwashe labarin duka na faɗa mata, har da ƙaton namijin. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Wallahi littattafan nan sun gama da ke. Tantabara kika yi wa ƙazafi? Ina shaidunki huɗu?"

"Ido ba shaida ba ne? Uba fari fat, 'ya'ya kamar an tsoma su a murhu."

"Matso ki ga wani abu. Amma kar ki yi mini ihu a kunne."

Ta ciro waya ta kunna bidiyo. Wani Bature ne a ɗaki cike da akwatunan roba, ya jawo ɗaya ya sa hannu ya ɗago maciji. Na yi a'uziyya na ture faifan, wake ya watse a tabarma.

"Zauna, matsoraciya, a cikin waya yake. Ƙaramar mesa ce, ba ta da dafi. In ta tsorata ma dunƙulewa take yi kamar gammo, ta cusa kai a tsakiya. Daga ƙasashenmu na nan aka kwashe su, su kuma can suke kiwonsu don launi kawai. Dubi uwar. Dubi uban."

Na duba ta tsakanin yatsu. Dukansu biyu ruwan ƙasa ne da baƙin zane, babu abin kallo a jikinsu. Sai mutumin ya jawo wani akwati mai ƙwai, manya, masu taushi kamar fata, ya sa almakashi yana ɗan tsaga bakin kowanne. Na farko ruwan ƙasa, na biyu ruwan ƙasa. A na uku sai ga wani ɗan kai ya leƙo, fari da rawaya kamar ƙwai da aka dafa aka raba, idonsa ja. Mutumin ya dafe kai yana ta surutu da yarensu. Ban san lokacin da na sauke hannuna daga fuska ba.

Malama ta ce, "To, ita ma uwar macijin amana ta ci?"

"Ina farin ya fito?"

"Daga kakansa. Tattaro mini waken nan da kika zubar."

Ta ware farare gefe, jajaye gefe. Ta ce kowace halitta, maciji ne ko tantabara ko ni kaina, ƙwaya biyu take riƙe da su na kowane kamanni, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ta sa farare biyu a hannuna na dama. "Wannan angonki ne, marigayi." Ta sa jajaye biyu a na hagu. "Wannan baiwar Allah ce da kike kora da mafici. Kowane ɗa zai ɗauki ɗaya a nan, ɗaya a nan. Ɗauko mu gani."

Na ɗauko. Fari da ja. Na mayar na sake. Fari da ja. Babu yadda za a yi ya fito daban.

"Kin gani? Kowane ɗa yana da farin ubansa. Sai dai tokar ce mai baki, ita ake gani. Farin kuwa mai kunya ne, irinki a gaban Inna. Yana nan a ƙuryar ɗaki, ba ya fitowa sai ya haɗu da ɗan'uwansa fari. Masu kiwon macizan nan irin waɗannan 'ya'yan suke ɓoyewa kamar zinariya, ko da a ido ba su da maraba da na daji."

Sannan ta sa mini fari da ja a kowane hannu, ta ce in ɗauka ba tare da na duba ba. Wani lokaci ja da ja, sau da yawa ja da fari, can sai ga fari da fari. Ta ce idan aka haɗa masu ɓoyon fari guda biyu, a cikin kowane huɗu ana sa ran ɗaya. "Sa rai na ce, ban ce alkawari ba. Kowane ƙwai da rabonsa, bai san abin da na gabansa ya fito da shi ba."

Na kalli waken da ke hannuna. Sai na ji bakina ya ce, "To waɗanda aka yanka fa?"

Ta daina murmushi. "Guda nawa ne?"

"Tara."

Na tashi na ɗebo gyaɗa ɓararriya a ɗakina, wadda nake ajiye wa maigidan, na je bayan rumbu na zuba a bakin tukunyar ƙarshe. 'Yar tantabarar ta ja da baya tana kallona, don ba ta saba ganin alheri a hannun nan ba. A bayanta ga 'yan shilar biyu sun takure, su kaɗai suka rage daga jininsa a duniya, kuma gobe da safe za a kai su Makoda.

A gidanmu suruka ba ta mayar wa uwar miji magana, balle ta tayar da abin da uwar mijin ta riga ta furta. Na yi ta kai da kawo tsakanin ɗakina da madafi har la'asar, na ɗauki tsintsiya na ajiye, na hura wutar da ba na buƙata. Da na ga Inna ta fito da kwandon da za a sa su tana kakkaɓe shi, sai na ja Malama, muka je na durƙusa daga gefe, kaina a ƙasa.

"Inna, wai matar Yaya ce ke roƙon arziki," in ji Malama. "A bar mata 'yan shilar nan, a tafi da kazarta mai wake-wake."

Inna ta ajiye kwandon. "Kazar da ke ƙwai? A madadin 'yan shila biyu da romonsu bai cika kwano ba? Ke, me kika zuba wa yarinyar nan a kunne?"

"Akwai fari a cikinsu, Inna."

"A ina? Ni dai toka nake gani, kuma idona bai mutu ba tukuna."

Malama ta buɗe hannu za ta fara jera wake. Inna ta ce, "Kwashe wakenki, ba ajinku ba ne nan." Ta ɗan jima tana kallon bayan rumbu, sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Akuyar tsohuwata ja ce, bunsurun unguwar ma ja ne, ta haifi baƙa ƙirin. Tsohuwa ta ce kakarta ce ta dawo. Abin da ke cikin jini ba ya ɓata, kwanciya yake yi." Ta juyo gare ni. "'Yar nan, da bakin wani kike cin albasa? Kazar taki ce ko tata?"

"Tawa ce, Inna."

"To kamo ta. In kin yi kukan ƙwai nan gaba, ba ruwana."

Daga ranar na shiga wani zaman jiran da ya fi na babur. Kowa a ƙauyen ya ce 'yan shilar gida ɗaya dole mace da namiji ne, Malama ta ce ba dole ba ne, sai an gani. Kuma in na bar su cikin garke kowa zai zaɓi wanda ransa ke so, farin ya sake nutsewa. Ni da na yi imani tantabara ba a yi mata zaɓi, ni ce na sa aka ɗaure mini keji na kara a ƙofar ɗakina na kulle su tare. Wata biyar ina leƙe. Sun yi faɗa, sun yi gaba, kowa ya kama kusurwarsa. Sai wata safiya bayan an shigo da gero, na ji guri daga kejin, na fito da buta a hannu na tarar ɗaya ya kumbura wuya yana share ƙasa da wutsiya. Ɗayar tana kau da kai.

Ƙwai biyu, kwana goma sha takwas. Ruwan toka, ruwan toka.

Na kira Malama a wayar maigidan. Ta ce in yi haƙuri, kuma in sani a cikin jikokin nan masu toka, biyu cikin uku suna ɗauke da farin, sai dai ba mai iya gane su da ido. Na tambaye ta yadda masu macizai ke yi. Ta ce rubutu suke liƙawa a jikin kowane akwati, wane ɗan wane, wane tabbas, wane wataƙila. Ni ba ni da akwati, amma ina da zaren hula kala-kala. Na ɗaura wa na keji jan zare a ƙafa, jikoki kuma shuɗi, na sake su cikin garke, na roƙi Inna kar a taɓa duk mai zare.

Na biyu, toka. Na uku, toka. Duk zuwan Malama sai na ce ta sake kunna mini bidiyon nan, ni da ko igiya na gani a duhun rumbu sai na yi tsalle. Ba macijin nake kallo ba, fuskar mutumin nake kallo lokacin da ɗan farin kan ya leƙo. Ta ce su macizai sau ɗaya macen ke ƙwai a shekara, in mai kiwon bai samu farin ba sai baɗi. Na ce ashe akwai wanda ya fi ni shiga uku.

Maigidan ya gaji da ganina tsugune a gaban keji. Ya ce, "In fari kike so, in zan dawo in sayo miki biyu, mace da namiji, kowa ya huta."

"Ba fari nake so ba. Nasa nake so."

Ya kalle ni ya girgiza kai. "Ni da na ɗauko shi a kwali ban samu rabin wannan begen ba."

Na huɗu ma toka. Takwas ke nan masu shuɗin zare, ba a ci ba a sayarwa, ga su da ci kamar fara. Bazara ta kama, hatsi ya yi ƙasa a rumbu har sai an shiga da tsani. Baba ba ya yi mini magana kai tsaye, ni ma ba na haɗa ido da shi. Wata rana bayan azahar ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci Inna, ya ɗaga murya yadda za a ji har ɗakina.

"A faɗa wa mai zare, kiwon da ba a ci ba a sayarwa ba kiwo ba ne. Ba zan zuba iri a ƙasa su bi ni suna tonewa ba. Da an yi ruwan shuka, duk mai zare a ƙafa ya tafi kasuwa, har na cikin kejin, tunda su ne masomin."

Kwana biyu da wannan maganar macen ta yi ƙwai na biyar.

Allah Ya yafe mini abin da ya zauna a zuciyata a kwanakin nan. Duk ƙauyen ido na gabas. Maza sun gyara gonaki sun kai taki, an wasa sungumi, rijiya ta ja baya, yara sai ƙuraje. In Inna ta idar da salla ta ce Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, sai in ce amin da baki, cikina kuwa yana cewa a ƙara mini kwana goma sha takwas, da 'yan kwanakin da gashi zai nuna. In hadari ya taso in kasa zama, in fita in dawo, in soke yatsa da allura. In iska ta watsa shi, kowa ya yi tsaki, ni in shiga ɗaki in rufe fuska don kunyar sauƙin da na ji. Na san da ruwan nan za mu ci tuwon baɗi, har da ni. Sanin bai hana ni ba.

A rana ta goma sha biyar, da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanya, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mata na tara bokitai suna hamdala. Ni na yi kan kejin da tabarma da buhu na lulluɓe shi, na tsaya a kai ruwa na dukana, ina jin namijin a ciki yana kwance a kan ƙwan bai motsa ba.

Washegari tun da sassafe gidan ya watse gona. Da yamma Baba ya dawo da laka har gwiwa, ya jingine sungumi ya ce a fito da babban kwando, gobe kasuwa. Ina madafi, muciya a hannu, na kasa juya tuwon.

Inna ta miƙa masa ruwa ta ce, "Malam, wa zai kai su? Kai za ka bar gonar tudu ba a taɓa ba ka tafi tallan tsuntsu, ko ni? Ƙasa ba ta jiran kowa, kasuwa kuwa kowane mako tana nan."

Ya sha ruwan ya ajiye kwanon. Can ya ce, "Kasuwa mai zuwa. Ba ƙari."

Ba ta ko kalli inda nake ba. Ta ce, "'Yar nan, tuwonki na kamu."

Kwana biyu bayan haka aka ƙyanƙyashe. Ɗan shila ranar farko ba ya nuna komai, tsoka ce kawai da ɗan gashi rawaya da ƙaton baki. Nakan ɗaga uwar sau biyar a yini tana dukan hannuna da fiffike. A rana ta huɗu na ga fiffiken ɗaya ya fara duhu a ƙarƙashin fata, kamar tawada ta zuba a tsumma, bakinsa ma ya yi baƙi. Na san wannan, na gan shi sau takwas. Ɗayan kuwa yana nan jajir. Na ce wataƙila baya ya yi, wataƙila gobe shi ma zai yi duhu. Ban faɗa wa kowa ba, don kar bakina ya kore shi.

Ranar kasuwa da safe mai babur ya tsaya a ƙofar gida, an fito da kwando. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na sa ɗan shilar a cikin ƙoƙo da tsumma, na je na durƙusa nesa da Baba, na tura ƙoƙon gabansa. Ya kalli Inna, ya kalli ƙoƙon. Sannan ya ɗauki ɗan shilar a tafinsa mai kaushi, ya buɗe ɗan fiffiken da yatsa biyu ya ɗaga shi saitin rana. Ya duba bakin, ya duba faratan. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana zura hannu a tukwane.

"Ikon Allah," in ji shi. "Wannan ba irin namu ba ne."

Ya mayar da shi ƙoƙon a hankali, ya ce wa Inna, "Na keji su zauna. A masu shuɗin zare ta ɗauki biyu, sauran su tafi."

Na tsaya a bayan rumbu ina kallon su takwas. Wasunsu na ɗauke da farin, wasu babu, kuma duk fuska ɗaya gare su. Na kama wannan na saki, na kama waccan na duba ƙarƙashin fiffike kamar zan ga rubutu. Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida, "'Yar nan, mai babur ba naki ba ne, kuma ba miji kike zaɓa ba." Na riƙe biyun da ke hannuna a lokacin, aka tafi da shida.

Bayan kwana uku tsinin gashin ya fashe a fiffiken ɗan shilar, fari fat, layi guda kamar haƙoran jariri. Na zauna a ƙasa a gaban kejin na yi kuka mai isata, ga gero ya fara tsiro a bayan danga. Inna ta zo wucewa da ƙwarya, ta tsaya ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"To, barka," ta ce. "Ɗan'uwan nasa mai toka fa? Shi ma zare za a ɗaura masa, ko a wannan karon za ki bar mu mu sha romo?"

Na ce, "Inna, a bar ni in yi tunani."